KOREN KWAƊON KURMI: KU SAN SHI, KU BAR SHI A LAMBUNKU

Duk mutumin Arewa da ya taɓa yin damina a nan Kurmi, ko a Agege ta Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya san irin hayaniyar da kan tashi bayan magariba in an ɗauke ruwa. Wani kukan kamar ana ƙwanƙwasa ƙaramin ƙarfe, wani kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka duk gyare ne. To, ba duka ba ne gyare. Cikinsu akwai waɗansu 'yan ƙananan kwaɗi masu hawan itace, waɗanda za mu kira kwaɗin ganye.

Kwanan baya wani maƙwabcina mai sayar da goro ya aiko a kira ni da dare. Ko da na isa sai ya haska tocila jikin taga, sai ga wani ɗan abu kore shar manne da gilashi, bai kai tsawon babban yatsa ba. Uwargidansa har ta ɗebo gishiri za ta watsa masa, wai ta ji an ce dafi gare shi.

Na ce, "Haba Alhaji, don Allah a ce wa Hajiya ta dakata. Wannan ai mai gadin alayyahunku ne, ba ya kuwa karɓar albashi."

Ya ce, "Malam, mu dai a garinmu ba mu taɓa ganin kwaɗo ya hau bango ba."

Gaskiyar masu iya magana da suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sa muka ga ya kyautu yau mu yi wa 'yan'uwa bayanin wannan halitta.

YADDA ZA KA GANE SHI

Kwaɗon da muka saba gani a gida, watau na gindin randa, launin ƙasa gare shi, fatarsa busasshiya mai gudaji-gudaji, ƙafafunsa gajeru, ga kuma kumburi biyu a bayan idanunsa. Daga nan ne yakan fid da wani farin ruwa mai ɗaci, wanda kan sa kare ya tofar da shi in ya ɗauka. Shi kuwa kwaɗon ganye fatarsa sumul take, kullum da danshi, ƙugunsa siriri, ƙafafunsa dogaye. Babbar alamarsa tana ga yatsu. Bakin kowane yatsa yana da ɗan faifai mai danƙo, da shi yake manne wa ganye, ko bango, ko gilashi, ba ya zamewa.

Ba iri ɗaya ba ne. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Arne Schiøtz, ya wallafa bincike a kan kwaɗin Nijeriya a 1963, sa'an nan a 1967 ya fid da littafi a kan kwaɗin itace na Afirka ta Yamma. Har kukansu ya ɗauka a na'ura, domin kowane iri da muryarsa, namiji ne kuwa ke yin kukan don kiran mace. Ga waɗanda mai lambu ya fi yiwuwa ya gamu da su.

Na farko su ne waɗanda masana ke kira Hyperolius. Ƙanana ne, inci 1 zuwa inci 1 da rabi, baƙin idonsu a kwance yake. A cikinsu ne aka fi samun kore shar ɗin nan, musamman mata. Launinsu kan yi haske da rana, ya yi duhu da dare, saboda haka kada launi kaɗai ya ruɗe ka.

Na biyu su ne Leptopelis. Sun fi na farko girma, idanunsu dara-dara, baƙin idon a tsaye kamar na kyanwa. Waɗansu kore ne, waɗansu launin busasshen ganye. Su a cikin damshin ƙasa kusa da ruwa suke binne ƙwansu.

Na uku su ne Afrixalus, 'yan mitsi-mitsi masu ratsi a baya, waɗanda akan tarar a maƙale cikin hammatar ganyen ayaba. Suna da wata dabara: sukan zuba ƙwai a kan ganyen da ke bisa ruwa, su naɗe ganyen su liƙe shi. In ƙwan ya ƙyanƙyashe sai 'ya'yan su zubo cikin ruwa.

In kuwa ka ga wani dunƙulen farin kumfa rataye a reshe bisa kududdufi, kamar an ɗebo kumfar sabulu an manna, to, ba sammu ba ne. Sheƙar wani kwaɗon itace ce mai suna Chiromantis. Ƙwansa na ciki, bayan 'yan kwanaki 'ya'yan za su faɗo ruwa.

AMFANINSA, BA TARE DA ƘARI BA

Abincin kwaɗon ganye ƙwari ne: ƙuda, da ƙananan fara, da tsutsar ganye, da gara mai fiffike, da sauro in ya samu. Yana farauta da dare, daidai lokacin da maɓarnata ke fitowa kan alayyahu da kuɓewa da tumatir. Ba ya cizo, ba ya cin shuka. Shi ya sa ake ganinsa a taga, ƙwarin da fitila ta tara ya biyo.

Amma kada mu yi wa mai karatu zuƙi-ta-malle. Kwaɗo ba zai raba gida da sauro ba. 'Ya'yansa masu wutsiya, na cikin ruwa, akasari gansakuka da ruɓaɓɓen ganye suke ci, ba tsutsar sauro ba. Gidan sauro dai yana nan a matsayinsa.

Akwai wani dalili na barinsa. Wani babban bincike na duniya da aka fid da sakamakonsa a 2023 ya duba kwaɗi da danginsu iri fiye da 8,000, ya tarar kusan kashi 41 cikin 100 suna cikin haɗarin ƙarewa. Babban abin da ke cinye su shi ne rasa mazauni. Wanda ya daɗe a Ikko ya ga yadda ake cike fadamu da yashi ana aza gidaje. Har ila yau, malamai sun ruwaito hani daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, game da kashe kwaɗo.

YADDA ZA KA JAWO SHI

Ba a sayo shi, ba a kuma kamo shi daga wani wuri a kawo. In ka gyara masa wuri, da kansa zai zo, muddin akwai rafi ko fadama a kusa. Abu huɗu yake bukata.

Inuwa. Dasa masu faɗin ganye a kusurwa ɗaya ta lambu, kamar ayaba, da gwaza, da rake. Nan zai laɓe da rana. Ka nisanta su daga tagar ɗakin kwana, gama hammatar ganyensu kan riƙe ruwa.

Damshi. Mu mutanen Arewa mun saba da share fili fes mu ƙone shara. A tsakar gida haka ya dace, amma a gindin shuka ka bar busasshen ganye ya kwanta. Yana riƙe sanyi, yana zama taki.

Ruwa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa. Ɗan kasko marar zurfi ya isa, a ajiye shi cikin inuwa, a sa dutse a ciki don ya sami abin hawa ya fito. Ruwan sama ya fi. In na famfo ne, a bari ya kwana a buɗe tukuna. Kaskon ya fi amfani da rani.

Rangwamen feshi. Fatar da ke tsotsar ruwa ita ke tsotsar guba. Maganin ƙwari, da maganin ciyawa, da fiya-fiya, da ruwan wanki mai omo, da gishiri, duk suna iya halaka shi. In ya zama tilas a yi feshi, a yi a kan shukar da ta kamu kaɗai, a kauce wa kusurwarsa.

A jihar Fulorida ta Amurka masu bincike kan kafa guntayen bututun roba a tsaye, kwaɗin itacen can su shiga su fake. Ba laifi ka gwada da guntun gora, amma ka huda ƙasansa don kada ruwa ya taru.

HATTARA DAI

Kada garin neman gira a rasa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan kashi 27 cikin 100 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A ƙasa mai zafi sauro kan tashi daga ƙwai ya yi fiffike cikin kwana 7 zuwa 10, alhali 'ya'yan kwaɗo sai sun yi makonni a ruwa. Ashe ke nan wanda ya haƙa rami ya tara ruwa a gida wai don kwaɗi su haihu, sauro zai riga su. Kuma rami haɗari ne ga yara masu rarrafe. Ka bar musu haihuwa a fadama. Ruwan kasko kuwa a zubar da shi duk bayan kwana 3, a goge cikinsa, domin akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi. Tsofaffin tayoyi da gwangwanaye a kife su ko a kawar.

Sa'an nan inda kwaɗi suke maciji kan leƙo. A sare ciyawa a bakin ƙofa da hanyar wucewa, a fita da tocila da dare. A gargaɗi yara kada su riƙa damƙarsa. In ya shigo ɗaki, a jiƙa hannu, a ɗauke shi a hankali a mai da shi kan ganye, a wanke hannu da sabulu. Kaji da agwagi da kyanwa kuwa suna cinsa, sai a kange masa kusurwarsa.

Shi Alhajin nan mai goro bai yarda nan take ba, amma dai an mai da gishiri cikin kwano. Yanzu har yara suna ƙirga kwaɗin jikin taga bayan lisha.

To, jama'a, mu da muka baro gida muka zo neman halaliyarmu mun san darajar a ba mutum masauki. Shi wannan ɗan tahaliki ma ba baƙo ba ne, mu ne muka tarar da shi. Wanda ya ga wani iri a unguwarsu da ba mu ambata ba, sai ya rubuto mana kamanninsa da irin kukansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.