Pac-Man: Ko Ya Dace Yara Su Buga Shi?

A shekarar 1980 ne kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fito da wasan bidiyo mai suna Pac-Man. A wancan zamani a cikin wani dogon akwati mai allo ake buga shi, kuma sai an jefa masa kuɗi yake aiki. Yau ana samunsa a kwamfuta da wayar hannu, shi ya sa iyaye da malamai ke tambaya ko ya dace a bar yara su buga shi.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Toru Iwatani, ya lura cewa yawancin wasannin lokacin na harbe-harbe ne, sai ya nemi yin wanda mata ma za su so. Mai wasa yana tuƙa wata 'yar halitta rawaya cikin lunguna, tana cinye ɗige-ɗige 240 da manyan ƙwayoyi 4, dodanni huɗu kuma na farautarta. Babu makami, babu jini.

Abin sha'awa ga ɗalibin kimiyya shi ne, dodannin nan ba da ka suke yawo ba, kowanne da ƙa'idar da aka rubuta masa. Jan yana bin sawu kai tsaye. Mai ruwan hoda yakan nufi gaban Pac-Man domin ya tare hanya. Shuɗin yana la'akari da inda jan yake, na huɗun kuwa da ya matso kusa sai ya ja da baya. Yaron da ya zuba ido har ya gano haka ya fara fahimtar yadda na'ura ke bin umarni. Malamin lissafi ma zai sami abin koyarwa: a mataki na 256 rabin allon yakan dagule, domin ma'ajin da ke ƙirga matakan ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 255.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. An tsara wasan ne domin ya riƙa tsanani, mai wasa ya faɗi, ya sake jefa kuɗi. Yau ko ba a biya ba, lokacin karatu yake cinyewa. Haka kuma walƙiyar allo tana iya tayar da farfaɗiya ga wasu masu wannan lalura.

Kada kuma a ɗauka duk tsohon wasa lafiyayye ne. Mortal Kombat na 1992 ya nuna jini da kisa ƙarara, har Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kan irinsa a 1993, aka kafa hukumar ESRB mai rarraba wasanni bisa shekaru a 1994.

Saboda haka Pac-Man ya dace da yara, muddin an ƙayyade musu lokaci. Idan yaro ya gama, a tambaye shi: wane dodo ne ya kama ka, kuma ta yaya?