Sabuwar Mota, Tsohuwar Ƙofa: Yadda Ake Sulhunta Su

Duk wanda ya taɓa shiga irin motocin nan da ake kawowa daga Amurka, wataƙila ya lura da wasu ƙananan maɓallai guda uku a jikin madubin tsakiya ko a saman kan direba, da ɗan zanen gida a kusa da su. Sunan na'urar HomeLink, aikinta kuwa shi ne buɗe ƙofar gareji ba tare da mai mota ya sauko ba. A can Amurka gidaje da yawa ta gareji ake shigarsu, saboda haka waɗannan maɓallai tamkar mabuɗin gida suke. Tun shekarun 1990 ake sa su a motoci, kuma a 2013 kamfanin Gentex na jihar Mishigan ya sayi sana'ar daga hannun Johnson Controls a kan dala miliyan 700.

To, matsalar da ta kan taso ita ce mutum ya sayi sabuwar mota, alhali injin da ke ɗaga ƙofarsa ya shekara ashirin ko talatin yana aiki. Ya latsa, ya sake latsawa, ƙofa ta yi kunnen uwar shegu. Sau da yawa babu abin da ya lalace. Motar dai ba ta zo da sanin kowace ƙofa ba, sai an koya mata, kuma yadda za a koya ɗin ya danganta ga zamanin da aka ƙera injin.

Injinan dauri suna da lambar sirri guda ɗaya wadda ba ta sauyawa. In an buɗe cikin rimot ɗinsu za a ga jerin 'yan makunnai takwas zuwa goma sha biyu, kowanne a sama ko a ƙasa, haka kuma aka jera su a jikin injin. Koya wa mota irin wannan ba shi da wuya. Da farko a ajiye motar a wajen gareji saboda hayaƙin inji mai kisa ne a rufaffen wuri, a tabbata babu yaro ko dabba kusa da ƙofar, sannan a sa wa tsohon rimot sabon batir. Sai a danne maɓallan gefe guda biyu har 'yar fitilar ta soma ƙyaftawa, wato an goge duk abin da mai motar na farko ya bari ke nan. Bayan haka a riƙe rimot ɗin kusa, tazarar da ba ta wuce santimita takwas ba, a danne shi tare da maɓallin da aka zaɓa har ƙyaftawar ta ƙara sauri. Shi ke nan, mota ta haddace.

Daga tsakiyar shekarun 1990 aka soma ƙera injina masu lamba mai sauyawa, wadda a kowane latsi sabuwa ce. A nan ba a gama ba tukuna, domin shi ma injin sai ya amince da motar. Dole a hau tsani a latsa maɓallin koyo da ke jikinsa, a koma mota cikin daƙiƙa talatin, a danna maɓallin na daƙiƙa biyu a saki, a maimaita har sau uku. Wannan mataki shi ne wanda mutane suka fi mantawa, kuma ya fi sauƙi da mutum biyu. A Kanada kuwa doka ta sa rimot ya kan katse saƙonsa bayan ɗan lokaci kaɗan, don haka akan riƙa latsa shi ana saki kowace daƙiƙa biyu har mota ta kama.

Amma fa, mai karatu, ba kowace tsohuwar ƙofa ce ta cancanci a koya wa mota ita ba. Injin mai makunnai takwas lambobi 256 ne kacal ke gare shi, mai goma sha biyu kuwa 4,096. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta, Samy Kamkar, ya gyara wani abin wasan yara ya nuna cewa zai iya gwada lambobin duka, ya buɗe irin wannan ƙofa cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka. Wanda ya dogara gare ta, ya rufe gidansa ne da asabari.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, domin rai ne. Ƙofar gareji ta fi mutum nauyi, kuma ta danne yara har lahira kafin hukuma ta sa baki. Shi ya sa tun daga 1 ga Janairu, 1993, dokar Amurka ta wajabta wa sababbin injina ƙarin kariya, galibi idanu biyu na lantarki a gindin ƙofa, waɗanda da zarar wani abu ya gitta sai ƙofar ta koma sama. Littattafan motoci ma sun yi kashedi kada a haɗa HomeLink da injin da aka ƙera kafin 1 ga Afrilu, 1982, ko duk wanda ba ya tsayawa ya koma in ya ci karo da abu. Gwajin mai sauƙi ne: a shimfiɗa guntun katako a ƙasa, a sauke ƙofar. In ta taɓa shi ba ta koma ba, to kada a yi wahalar koya wa mota komai.

Akwai ƙaramin akwatin karɓar saƙo da ake ɗaura wa tsohon inji ya ba shi lamba mai sauyawa, wannan yana maganin ɓarawo. Ba ya hana ƙofa danne yaro. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, amma injin da ya kasa gwajin katako, abin da ya dace da shi a sauke shi a sa sabo.