Ko Ka San Ana Gina Gada a Cikin Baki?

Duk wanda ya taɓa raka mai karaya zuwa Aliero ya san abin da idonsa ya gani. A kawo mutum ranga-ranga daga gari mai nisa, mai ɗori ya ja ƙafar, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, bayan wasu makonni ka gan shi yana dogara sanda. Aikin mai ɗori daidaitawa ne, ƙashin kuwa da kansa yake haɗewa cikin ikon Allah, domin abu ne mai rai da jini ke ratsawa. To ɗan kabu-kabun da ya faɗi tsakanin Jega da Aliero, ya karye a hannu, haƙoransa biyu na gaba suka zube a kan kwalta, hannun zai warke. Haƙoran fa?

Ko ka san kada ba ya cikin wannan damuwa? Yana da haƙora sama da 60, kuma ƙarƙashin kowane ɗaya akwai ƙarami a kwance yana jiran na sama ya faɗi ya maye gurbinsa. A tsawon rayuwar kada, gurbi guda yana iya sake haƙori har kusan sau 50. Ɗan Adam sau biyu kacal aka ba shi: haƙoran nono guda 20 waɗanda ke zuba lokacin famfara, sai na girma guda 32. Daga su babu na uku.

Mutanenmu kan ɗauki giɓi abin da bai wuce muni ba, musamman in a can ciki yake inda ba a gani. Alhali haƙora jingine suke da juna, kamar buhunan albasa da aka jera a bayan mota. Zare ɗaya daga tsakiya, na gefe su fara karkatowa. Haka haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓi suke kwantowa cikinsa sannu a hankali, na saman da ya rasa abokin karo kuma ya riƙa zazzagowa ƙasa. Ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar, da yake ya rasa aikin yi, sai ya riƙa motsewa. Mutum ya koma tauna da gefe guda, tsire da rake su fara gagararsa. Na san wani dattijo a Maiyama da ba ya rabo da magogi a aljihun gaba. In aka ba shi goro sai ya fiddo ɗan gwangwanin nan mai huje-huje, ya goga a tafin hannu, ya zuba garin a baki. Ya ce mini da turmi ɗaya abin ya fara, shekaru da yawa da suka wuce, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya daga cikin dabarun cike giɓi ita ce gadar haƙori, kuma hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce a tuna haƙorin Makka, wanda mu a nan Kabi muke ce wa hauren Makka. Yawancinsa hula ce ta zinariya ko azurfa da ake kifa wa haƙorin da ke nan da ransa. Yanzu ka ɗauki irin wannan hula guda biyu, ka sa haƙorin ƙira a tsakaninsu, ka haɗe su ukun su zama abu guda. Hular dama ta hau haƙorin da ke daman giɓi, ta hagu ta hau na hagu, na tsakiyan ya zauna daidai inda aka rasa. Shi na tsakiyan ba shi da saiwa, taɓa dasashi kawai yake yi, nauyinsa duka yana wuyan maƙwabtansa. Wanda ya tsaya bakin Gulbin Zamfara a Jega ya dubi gadar da motocin Maiyama da Koko da Yawuri ke hawa, ya ga dabarar da idonsa: shimfiɗa a sama, sarari a ƙasa, ginshiƙai na ɗauke da kaya. Shi ya sa likitoci suka ba abin wannan suna.

Aikin ba na zama ɗaya ba ne. Likita zai fara da duba dasashi da ɗaukar hoton saiwoyi, kuma in ba a daɗe da cire haƙorin ba sai a jira wurin ya warke. Sannan ya yi allurar kashe zafi, ya feƙe haƙoran nan biyu ta kowane gefe, abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, don hula ta sami wurin zama. Sai ya cika wani ɗan faranti da abu mai laushi kamar ƙullu, ya danna a bakin har ya daskare, ya zaro shi da hoton haƙoran a jiki. Da wannan ake zuba samfurin bakin, a kai wa masu ƙira. Su ne ke gina gadar, galibi da ƙarfe a ciki da tangaran a waje, su daidaita launinta da na sauran haƙoran, har na mai cin goro. Kafin ta iso ana sa wa mutum ta wucin gadi. Ran da ta zo a gwada, a ce ya cije, a rage inda ya yi tudu, sannan a liƙe ta da siminti na musamman. Daga ranar ba a cire ta, ko da dare.

A nan ne ya kamata mai niyya ya tsaya ya yi tunani, domin gada tana da farashin da ba na kuɗi ba. Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi, amma in aka kankare shi ba ya tsirowa. Wato don cike giɓi ɗaya an taɓa lafiyayyun haƙora biyu har abada, kuma an ɗora musu aikin uku. Tun 1926 wani likitan haƙori ɗan Kanada mai suna Ante ya kafa ƙa'idar cewa saiwoyin ginshiƙan su kai, ko su fi, na haƙoran da za a maye. Likitocin yau sun sassauta ta, amma hikimarta tana nan: doguwar gada a kan raunanan ginshiƙai ba ta daɗewa. Mai giɓin haƙora huɗu ko biyar a jere, ko wanda dasashinsa ke zubar da jini haƙoransa na girgiɗa, in likita ya ce masa gada ba za ta yi ba, gaskiya ya gaya masa.

Dabarar kanta tsohuwa ce. Fiye da shekara 2,500 da suka wuce, wasu mutanen ƙasar Italiya ta dā suna ɗaure haƙorin maye da zoben zinariya a jikin na kusa da shi, kuma a 1728 Pierre Fauchard na Faransa ya bayyana hanyoyin maye haƙora a littafinsa. A farkon shekarun 1980 aka inganta wata iri a Jami'ar Maryland ta Amurka, mai ƙananan fukafukai da ake mannawa a bayan haƙoran gefe ba tare da an feƙe su sosai ba. Ta fi dacewa da haƙorin gaba guda ɗaya, irin na matashin da ya yi haɗari. Akwai kuma dashe, inda ake kafa ƙusar ƙarfen titaniyam cikin ƙashin muƙamuƙi ta zama saiwa. A 1965 aka fara yi wa mutum shi a ƙasar Suwidin. Ba ya taɓa maƙwabta, sai dai tsada da jiran watanni. Haƙorin roba na cirewa shi ya fi araha, kuma ba abin kunya ba ne.

Abin da nake tsoro wa jama'a shi ne masu sa haƙori na cikin kasuwa. Za su cusa haƙorin roba a giɓin, su dame wani gari mai daskarewa su shafe shi har kan haƙoran gefe da dasashi. Ranar farko mutum ya dubi madubi ya ji daɗi. Amma ba ya ciruwa, ƙarƙashinsa kuma ba ya wankuwa. Abinci ya taru, baki ya soma wari, dasashi ya kumbura, a ƙarshe giɓin haƙori ɗaya ya koma na uku.

Ita ma gadar asibiti ta wannan ƙofa ake kayar da ita. Tangaran ba ya ruɓewa, amma haƙoran da ke cikin hulunan suna ruɓewa, daga bakin hular inda ta haɗu da dasashi. Asuwaki da buroshi suna wanke sama da gefe, ba sa shiga ƙarƙashin na tsakiya. Sai an zura zaren sakace ko ɗan siririn buroshi ta wurin kowace rana. Bincike ya nuna kusan tara cikin goma na irin wannan gada suna kai shekara 10 suna aiki, kuma mai tsabtace tasa yana iya wuce haka nesa. Fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori kuwa sai a haƙura da su.

Ɗan'uwa, in haɗari ya fizge haƙorin babban mutum gaba ɗaya da saiwarsa, kada a jefar, kada kuma a naɗe shi a takarda ya bushe. A riƙe shi ta kai, ban da saiwar, a ɗauraye ƙasar ba tare da gogewa ba, a jefa shi cikin madara, ba nono mai tsami ba, a nemi likitan haƙori cikin awa guda in da hali, domin sau da yawa ana iya mayar da shi ya kama. Wanda kuma giɓinsa ya riga ya daɗe, akwai sashen haƙori a Asibitin Tarayya da ke Birnin Kebbi da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ka je a duba ka tun haƙoran gefen suna tsaye da ƙarfinsu.