Korona da lafiyar ƙwaƙwalwar baƙi 'yan Latin Amurka: abin da ya kamata ku sani

Ƙidayar 2020 ta nuna cewa mutum sama da miliyan 62 a Amurka 'yan asalin Latin Amurka ne, daga ƙasashe irin su Meziko, Guatemala da El Salvador. Wasu a can aka haife su, wasu ci-rani ya kai su, wasu kuma ba su da takardun zama. Da korona ta zo, ta kwantar da su, ta kuma bar musu damuwa mai nauyi.

Yaya girman matsalar?

A watan Yunin 2020 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta yi bincike a kan manya. Cikin 'yan asalin Latin da suka amsa, kusan kashi 41 cikin 100 suna da alamun fargaba ko ciwon damuwa. Kusan kashi 19 sun ce a kwanaki 30 da suka wuce sun yi tunanin kashe kansu da gaske, alhali a jama'a gaba ɗaya adadin bai kai kashi 11 ba.

Me ya jawo haka?

Na farko, aiki. Da yawansu a gonaki suke, ko a masana'antun nama, gine-gine, gidajen abinci da aikatau. Waɗannan ayyuka ba a yin su daga ɗaki ta kwamfuta. A watan Afrilun 2020 gwamnatin Trump ta ba da umarnin kada a rufe masana'antun nama, duk da cewa cutar na yaɗuwa a cikinsu. Ma'aikaci ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da abokin aiki duk yini, da dare ya koma gidan da kaka da jikoki ke kwana. Wanda aka sallama kuma ga kuɗin haya, ga iyaye a gida suna jiran aike. Gaba kura, baya sayaki.

Na biyu, wariya. Dokar tallafin korona mai suna CARES ta raba har dala 1,200 ga kowane baligin da ya cancanta, amma marasa lambar Social Security ba su samu ba, ko da suna biyan haraji. Da farko ma har ɗan ƙasar da ya cike takardar haraji tare da irin wannan miji ko mata ya rasa.

Na uku, tsoro. A watan Fabrairun 2020 wata ƙa'ida ta fara aiki, wadda ke iya hana baƙo katin zama na dindindin idan ya karɓi wasu tallafin gwamnati. An daina aiki da ita a 2021, amma kafin nan iyalai da dama sun ƙaurace wa asibiti.

Na huɗu, makoki. Al'adar Katolikansu ce a kwana tare da gawa, sannan a yi addu'ar kwana tara. Kulle ya hana taro. Mara takardu kuwa ba ya iya zuwa jana'izar mahaifiyarsa a ƙasarsu, domin in ya fita babu dawowa. Ta waya wasu suka yi bankwana.

Me ya hana su neman magani?

Rashin inshora, da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa masu jin Sifaniyanci, da kunyar kada a ce mutum ya taɓu. Da yawa kan je asibiti da kukan ciwon kai, rashin barci ko nauyin ƙirji, a ba su ƙwaya, tushen ciwon yana nan.

Me ya taimaka?

Jihar Kalifoniya ta bai wa wasu marasa takardu dala 500 kowanne a 2020, New York kuma ta ware dala biliyan 2.1 a 2021 don ma'aikatan da aka tsallake. Akwai kuma *promotoras*, matan unguwa da aka horar kan kiwon lafiya, masu bi gida-gida da coci-coci suna magana da mutane da harshensu. Tun Yulin 2022 akwai layin gaggawa na 988 don masu damuwa ko tunanin kashe kai, ana kuma amsawa da Sifaniyanci.

Wannan damuwa ba raunin zuciya ba ce. Talauci da tsoro da kaɗaici ne suka haife ta. Shi ya sa shawarar likita kaɗai ba ta isa ba: sai an haɗa da hutun jinya mai albashi, da tallafin da bai tambayi takarda ba, da asibitin da baƙo zai shiga hankali kwance.