Kifin da ake haƙowa

A watan Janairu, lokacin da hunturu ke tsaga wa mutanen Sabon Birni da Isa leɓe da dunduniya, tafkunan Minesota a Amurka da na Manitoba a Kanada sun riga sun daskare. Ƙanƙarar takan yi kaurin da har mota za ta hau. Masunci ya kafa 'yar bukka a tsakiyar tafki, ya huda rami, ya zura fatsa, ya zauna jira. Abin da ya fi nema shi ne walleye, kifi mai manyan idanu masu ƙyalli da ke gani cikin duhu, shi ya sa ya fi kama ƙugiya da asuba da almuru. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota tana gargaɗin kada kowa ya taka ƙanƙarar da ba ta kai kaurin inci 4 ba. Kifin kuwa yana nan lafiya, domin ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba, sai ta tsaya a sama ta zama murfi, ruwan ƙasa bai daskare ba.

Bagobiri zai ji wannan ya yi dariya. To amma shi ma a fadamarsa akwai kifin da ba a samunsa sai an fasa abin da ya rufe shi.

Gulbin Rima, wanda tsohuwar Alƙalawa ta zauna a gefensa kafin faɗuwarta a 1808, yana samun ruwansa daga Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi. Da damina ya cika ya malale fadamu. Ruwa na ɗaukewa sai ya fara ja da baya, ya bar tabkuna da kududdufai, kifi ya takure a ciki. Wannan ne lokacin masunta: a shiga da homa da gora, a jefa birgi, a ɗana gura da mamari, a fito da tarwaɗa da karfasa. Bisa al'ada ba kowa ke faɗawa tabki ranar da ya ga dama ba, sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Idan kududdufi ya ƙafe, sauran kifaye su mutu ko tsuntsaye su tsince su. Ban da gaiwa.

Gaiwa tana da huhu, iska take shaƙa kamar dabbar tudu, har idan aka hana ta leƙowa saman ruwa sai ta mutu. Da ta ji ruwa na ƙarewa sai ta nutsa cikin taɓo, ta naɗe jiki, wutsiya ta rufe kai. Yauƙin jikinta ya bushe ya zame mata riga, ta bar 'yar kafa daidai baki wadda iska ke shiga. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya ragu, ba ci ba sha. Tsokar jikinta take narkarwa a hankali tana rayuwa da ita, kuma Bahaushe ya daɗe da gano haka, tunda yakan ce wa mai cinye jarinsa "gaiwa ci jikinki". Haka za ta zauna watanni har ruwan farko ya jiƙa ƙasa. A ɗakunan bincike an ga wadda ta shekara fiye da ɗaya a wannan hali ta kuma farfaɗo. Babbarta takan kai tsawon mita 1.

Mai neman gaiwa da rani ba ya buƙatar kwalekwale. Fartanya ce ko dagi, sai ido. Yana bin busasshen taɓo yana duba 'yar kafar nan, in ya gani ya haƙa a tsanake, don gaiwa na da cizo mai zafi. A nan ya ɗara takwaransa na Minesota, wanda duk da na'urar leƙen ƙarƙashin ruwa da yake sayowa da tsada, zai iya wuni a bakin rami ya tashi hannu rabbana. Ga kuma wata riba: gaiwar da aka ciro da curin ƙasarta za a iya ajiye ta da rai sai ranar da ake son miya.

Sana'ar tana cikin matsi. Madatsar Jibiya a kan Gulbin Maraɗi ta sauya yadda ruwa ke saukowa, ta Goronyo da aka kammala a 1984 ta sauya na ƙasa. Noman rani na cin fadama, garma na tono gaiwa tun ba a neme ta ba. Sannan ga 'yan bindiga, waɗanda a shekarun nan suka sa fita bayan gari a ƙasar Isa da Sabon Birni ya zama kasada.

A Minesota doka ta ƙayyade yawan walleye da mutum zai tafi da shi gida, ana kuma rufe kamunsa lokacin da yake ƙwai. Gaiwar da ke kwance cikin ƙasa da rani ita ce za ta hayayyafa da faɗuwar damina, namijin ya tsare ƙwan a rami har su ƙyanƙyashe. Kududdufin da aka haƙe tas bana, baɗi sai dai a jira abin da ambaliyar Rima za ta kawo daga wani wuri, idan ta kawo.