Haƙoran Faifan Sarƙa: Ja Ko Gudu?

Akwai babur mai dogayen ƙafafu wanda aka ƙera don ya bi kwalta, ya kuma shiga daji. Irinsa ne Yamaha DT da AG, waɗanda malaman gona da ma'aikatan lafiya kan hau zuwa ƙauyuka. Wani mai irin wannan babur ya kan ce nasa ba ya ja cikin yashi. Wani kuma ya ce da ya hau kwalta sai inji ya yi ta ihu. Ba kullum ne laifin inji ba. Sau da yawa maganar tana wajen sarƙa.

Sarƙar babur tana zagaya faifai biyu masu haƙora. Ƙaramin yana gaba, jikin inji. Babban yana baya, jikin taya. Yawan haƙoran nan shi ke nuna sau nawa na gaba zai juya kafin taya ta juya sau ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙirga haƙoran na baya, a raba da na gaba. Ga misali da Suzuki DR650. Daga kamfani yana zuwa da haƙora 15 a gaba, 42 a baya. In an raba 42 da 15, za a sami 2.8. Wato na gaba zai juya kusan sau uku kafin taya ta zagaya sau ɗaya.

To, in aka cire mai 15 aka sa mai 14, amsar ta zama 3. Babur zai ƙara ja. Zai tashi da kaya cikin sauƙi. Zai hau tudu, zai ratsa yashi da taɓo ba tare da an yi ta wasa da kuloci ba. Amma gudu zai ragu. Kukan injin da ke ba da kilomita 100 a awa, yanzu 93 zai bayar. A doguwar tafiya kuma zai fi shan mai.

In aka sa mai 16, sai abin ya juya. Wancan kukan zai ba da kusan kilomita 107. Inji zai sami sauƙi a kwalta. Amma tashi zai yi nauyi, a yashi kuma kuloci ne zai sha wahala.

A lura da abu guda. Canjin faifai ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Abin da aka samu wajen ja, an biya shi da gudu. Duk bakaniken da ya ce za a sami duka biyu, ciniki yake nema. Saboda haka mai babur ya dubi hanyar da ya fi bi. Wanda kullum yake ɗaukar buhu daga gona zuwa kasuwar ƙauye, ja ya fi masa amfani. Gudun da ba shi da hanyar yin sa, me zai yi da shi?

Haƙori ɗaya a gaba ya yi daidai da kusan uku a baya. Duba: 45 a raba da 15 shi ma 3 ne. Canja na gaba ya fi araha, kuma galibi sarƙar da ke jiki za ta isa. Sai dai kada a rage fiye da haƙori ɗaya ko biyu. In faifan ya cika ƙanƙanta, sarƙa tana lanƙwasa da yawa, ta mutu da wuri. In na baya aka ƙara wa girma, mai yiwuwa sai an sayi sarƙa mai tsawo.

Wajen saye, a tafi da tsohon faifan. Yawanci akwai lambar haƙora a jikinsa. Sarƙa ma tana da lamba, kamar 428 ko 520 ko 525. Dole faifai ya dace da lambar sarƙa. In haƙora sun yi tsini, ko sun karkata kamar bakin lauje, to a canja faifan biyu da sarƙa gaba ɗaya. Tsohuwar sarƙa tana cinye sabon faifai nan da nan.

Bayan an ɗaura, a tabbata notin na gaba ya ɗauru sosai. Kada a ja sarƙa ta yi tauri. Irin wannan babur yana bukatar sarƙa mai ɗan sako-sako, domin tayarsa ta baya tana hawa da sauka da yawa a gargada. Kuma a kashe inji kafin a goge sarƙa ko a sa mata mai. In inji yana aiki, faifai kan fizgi tsumma ya haɗa da yatsa.