Katin Bai Ƙone Ba, Kwamfutar Ce Ta Daina Nemansa

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin laftof na hannu suka shiga lalube. Windows 11 ba ta karɓar irin injinansu a hukumance, don haka wasu suka koma Linux, wasu kuma suka ci gaba da lallaɓa abin da suke da shi. A cikin wannan lalube ne wani tsohon ƙorafi ya sake tasowa a shagunan gyara: an sa katin USB 3.0 a ramin da ke gefen kwamfuta, yana aiki lafiya lau, an rufe murfi an tafi salla, da aka dawo aka buɗe sai kati ya yi ɓatan dabo. Daga nan sai hukunci ya biyo baya. Wannan ya ce katin jabu ne, wancan ya ce barcin da kwamfutar ta yi ne ya ƙona shi, mai gyara kuma ya ce bod ce ta taɓu.

Zancen ƙonewar nan shi ya fi ɓata rai, domin kuɗin mutane yake ci a banza, alhali gwajinsa bai kai minti biyu ba. A sake kunna kwamfutar daga farko da katin a ciki. In ya dawo, to magana ta ƙare, abin da ya ƙone ba ya farfaɗowa don an sake kunna inji.

Ramin da ake magana sunansa ExpressCard. Ƙungiyar PCMCIA ce ta fito da shi a 2003 don ya gaji tsohon PC Card, kuma faɗinsa iri biyu ne, milimita 34 da milimita 54. Laftof irin su ThinkPad T420 na 2011 sun zo da shi amma ba su da kafar USB 3.0, shi ya sa katin ya zama abin so ga mai kwasar bidiyon biki ko hotuna zuwa faifan ajiya na waje. A cikin ramin hanyoyi biyu ne, ta USB 2.0 da ta PCI Express, kuma katin USB 3.0 ta biyun yake bi. Wato a wurin kwamfuta shi ba filas ba ne da aka soka, wani sashe ne na cikin inji da aka ba damar shiga da fita.

Barcin da waɗannan injina ke yi shi ne wanda tsarin ACPI, da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ya kira S3. Ana barin wuta ga ƙwaƙwalwar RAM don kada aikin da ke buɗe ya zube, sauran sassa kuma a yanke musu babbar wuta. Kati na rasa ta yake manta adireshi da saitin da aka ba shi. Da an ɗaga murfi sai a mayar masa da wuta, layinsa da bod su sake daidaitawa, a jira aƙalla kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kamar yadda ƙa'idar PCI Express ta tanada, sannan Windows ko Linux ta neme shi. Lamarin kamar kiran suna ne a aji. Malam ya kira, yaro yana bakin ƙofa yana cire takalmi, aka rubuta bai zo ba. Ya shigo ya zauna lafiyarsa ƙalau, amma a rajista babu shi, kuma malam ba zai sake buɗe rajistar ba sai wani ya ce masa ga wane ya iso. Wannan sanarwar isowa aiki ne da BIOS da babbar manhaja ke rabawa tsakaninsu, kuma BIOS ɗin waɗannan injina a zamanin Windows 7 aka rubuta shi, kamfanonin sun daɗe da daina taɓa shi. Sau da yawa a nan saƙon yake maƙalewa.

Akwai ƙari a kan haka. Wasu katuna masu guntun Renesas, irin uPD720202, ana ƙera su ba tare da ma'ajiyar ƙaramar manhajarsu ba don a rage farashi, sai direba ya ɗora musu ita duk lokacin da wuta ta yanke gaba ɗaya. Linux ta samu wannan damar ne daga siga ta 5.8 a 2020, kuma sai fayil ɗin manhajar yana cikin kwamfutar.

Wuta ma tana da nata laifin. Ramin ba ya ba da bolt 5 da USB ke buƙata, 3.3 da 1.5 yake bayarwa, katin ne ke ɗaga ta da kansa. Ƙa'idar USB 3.0 kuwa ta yarda na'ura ta ja har miliamfiya 900. Faifai mai juyawa ya fi jan wuta a lokacin da yake tashi, wato daidai lokacin farkawa. Wanda ya duba gefen katinsa da kyau zai iya ganin wani ɗan rami zagayayye: na ƙaramar wayar ƙarin wuta ce da ake jonawa a wata kafar USB, wadda yawanci ake yarwa tare da kwali. Sannan a taɓa katin kansa, domin ramin irin na danna-ya-shiga, danna-ya-fito ne, kuma matsi kaɗan a cikin jaka ya isa ya zare shi ba tare da ido ya lura ba.

Kada a ɗauka matsalar kati a lokacin barci ciwon tsofaffin injina ne kawai. Laftof ɗin Framework na Amurka, da ya fito a 2021 da katunan da ake zarewa, ya sha ƙorafin cewa katunan HDMI da DisplayPort suna shan batir a lokacin barci, har kamfanin ya fito da gyararrun sigogi.

Maganin yawanci kyauta ne. A Windows, a buɗe Device Manager a sa ta sake binciken na'urori, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tattalin wuta, sannan a saitin wuta a kashe tsimin layin PCI Express. A lura cewa tun Windows 8 kashewa ta yau da kullum ba cikakkiya ba ce, don haka Restart za a danna wajen gwaji. A Linux, lspci zai nuna ko ana ganin katin, dmesg zai nuna inda aka rabu, kuma rubuta 1 cikin /sys/bus/pci/rescan yana sa a sake kiran suna. In abin ya ƙi, wasu injinan suna gyaruwa da pcie_aspm=off ko pcie_ports=native a layin tada kwamfuta, ko da ɗora BIOS na ƙarshe da kamfanin ya fitar.

Abin takaici ne a ce mai gyara ya fara da fomatin, ya share wa ɗalibi aikinsa na wata da watanni, bai ko leƙa waɗannan wurare ba. Masu kwamfuta ma suna da nasu sakacin, kuma shi ya fi haɗari: rufe murfi faifai yana tsakiyar kwafe. Katin zai dawo, amma fayil ɗin da aka yanke a rabi ba lallai ya dawo ba. Don Allah a riƙa cire faifai ta hanyar da manhaja ta tanada kafin a rufe murfi, kuma kada kowa ya biya kuɗin sabuwar bod sai ya sake kunna kwamfutar da katin a ciki ya ga bai dawo ba.